Allon jel a hunturun Kano: yadda aji guda ya buga takardun hoton karofi

A farkon zango na biyu, cikin Janairu, shugabar makarantar da nake koyarwa ta kira ni ofis. Makarantar 'yan mata ce a cikin birnin Kano, ni ce kuma nake riƙe da darasin zane. Ta ce tana son ɗaliban aji biyu na babbar sakandare su yi aiki guda babba da za a rataye a zauren taro ranar da iyaye za su zo a ƙarshen zango. Na ce, "Hajiya, a ba mu katakon filawud ɗaya da ɗan kuɗin fenti, sauran za mu nemo." Ta amince.

Abin da na ƙudura shi ne hoton liƙe, wanda masu zane ke kira kolaj: a yayyanka takardu masu launi, a jera su, a manna har su ba da hoto. Yaran ne suka zaɓi abin da za a zana, wato karofin Ƙofar Mata, inda marina ke tsoma zane cikin ruwan baba ya fito kore-kore, iska ta buge shi ya rikiɗe ya zama shuɗi. Zaɓin ya yi mini daɗi, amma ya zo da matsala tun daga ranar farko. Hoton karofi kusan dukkansa shuɗi ne, kuma ba shuɗi ɗaya ba. Akwai mai duhu kamar dare na cikin rami, akwai mai haske na zanen da aka tsoma sau ɗaya, akwai mai ƙyalli na wanda ya fito daga hannun mabuga. Takardar kala da ake sayarwa a shagon littattafai shuɗinta biyu ne, mai haske da mai duhu, dukkansu a shafe kamar bango. Da ita za a yi hoton, da ya fito kamar tutar kamfani.

Dole mu rina takardunmu da kanmu. Ba baƙon abu ba ne a wannan sana'a. Henri Matisse na Faransa, bayan tiyatar da aka yi masa a 1941 ta rage masa ƙarfin tsayuwa gaban allon zane, mataimakansa ke shafa wa takardu fenti, shi kuma ya bi su da almakashi. Sai dai burushi a hannun yarinyar da ba ta saba ba yana barin layi iri ɗaya a kowace takarda. Shi ya sa na tuna da allon jel.

Abin da allon yake, da yadda muka same shi

Allon jel wani faifai ne mai laushi kamar dafaffen ganda, mai ɗan danƙo a fuska. Ana shimfiɗa masa fenti siriri da rolar roba, a ɗora ganye ko yadi ko wani abu mai zane a danna, a ɗauke, sannan a kifa takarda a shafa bayanta da tafin hannu a ɗaga. Laushinsa ke sa ya kama kowace jijiya ta ganye ba tare da injin matsi ba. Kowane bugu ɗaya ne tilo, ba ya maimaituwa. Irin wannan bugu na ɗaya tilo tsoho ne, ana danganta fara shi da Giovanni Benedetto Castiglione, mutumin Jenowa ta Italiya, a shekarun 1640, shi da farantin ƙarfe ya yi nasa. Bugawa a kan jelatin, garin da ke sa ruwa ya daskare ya zama jel, ita ma ta daɗe, don tun ƙarni na 19 ofisoshi da makarantu suka fara kwafar takardu da tiren jelatin. Wanda ake sayarwa yanzu a kwali, kamfanin Gelli Arts na Amurka ya fito da nasa a 2011. Babu jelatin a cikinsa, roba ce mai laushi da aka haɗa da man ma'adini, ba ta ruɓewa, ba ta buƙatar firij.

Ina da guda ɗaya irin wannan, inci 8 da inci 10, wanda ƙanwata ta kawo mini tsaraba. Allo ɗaya ba zai ishi aji ba. Sai muka dafa namu.

Kayan haɗin uku ne: garin jelatin, gilisarin da ruwa. Gilisarin bai ba mu wuya ba, don shi ne wanda mata ke zubawa cikin man shafawa da hunturu, kowane kemis yana da shi. Jelatin ne ya tsayar da mu mako guda. Wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, an ce da alade ake yin sa." Gaskiyarta, kuma na ji daɗin da ta tambaya. Jelatin daga fata da ƙashin dabba ake tatso shi, kuma kaso mai yawa na wanda ke yawo a kasuwannin duniya daga fatar alade yake. Ba ci za mu yi ba, amma yara za su wuni hannunsu a kai, su tashi su yi alwala. Ban ga dalilin sa wa kowa shakka a zuciya ba. Na bi wajen masu sayar da kayan haɗa kek har na samu na saniya mai tambarin halal a jikin gwangwaninsa. Na zo da gwangwanin aji, kowa ta karanta da idonta.

Awon da muka tsaya a kansa, don tire mai faɗin santimita 20 da tsawon 30, shi ne jelatin giram 50, gilisarin kofi ɗaya da rabi, ruwa kofi ɗaya da rabi. Ana fara jiƙa garin cikin rabin kofi na ruwan sanyi da rabin gilisarin ɗin har ya kumbura, sannan a zuba sauran ruwan da zafinsa, a juya a hankali kamar mai tsoron tada barci, don juyin gaggawa kumfa yake jawowa, kowace kumfa kuma rami ce a fuskar allo. A ƙara ragowar gilisarin, a tace da rariya cikin tire, a ja gefen jarida a kan ruwan a kwashe kumfar da ta taso, a rufe, a bar shi ya kwana a wuri mai daidai. Ba a tafasa shi a kan wuta, tafasa tana karya masa ƙarfin kamawa. Na farko da muka yi, a tiren shayi mai zanen fure a gindinsa muka zuba, washegari muka tarar furen ya kwanta a jikin allon daram. Muka yayyanka shi, muka sa a kwano, muka ɗora kwanon cikin tukunyar ruwan zafi ya narke, muka sake zubawa a tire mai sumul. Wannan ita ce babbar falalar na gida: duk ɓarnar da aka yi masa, narkarwa ke gyara ta. Muka samu guda huɗu.

Fentin da ya ƙi jira

Darasin farko na bugu bai yi kyau ba, kuma a nan ne ainihin lamarin yake.

Fentin akirilik muka saya, shuɗi iri biyu, ɗaya mai karkata zuwa shunayya ɗaya zuwa kore, da baƙi da fari da ruwan ƙasa. Duk bayanin da na taɓa gani na wannan aiki tsari ɗaya yake bi: shafa fenti, ɗora ganye, danna, ɗauke, kawo takarda, shafa, ɗaga. Masu yin bayanin suna yi suna hira, ba sa sauri. Mu kuwa kafin yarinya ta ajiye rola ta ɗauko ganye, fentin ya riga ya dushe. Ta kifa takarda ta ɗaga, sai ta ga fara ce da ɗan dabbare-dabbare, fentin yana can manne a allo. Sai suka fara ƙara fenti don ya daɗe da danshi. Fenti mai kauri kuma yana cike duk zanen da aka danna, rola ta riƙa zamewa maimakon juyawa, takarda ta fito jagab babu ko jijiyar ganye ɗaya. Cikin darasi biyu muka cinye kusan rabin shuɗinmu, abin da za a iya amfani da shi bai fi a ƙirga da yatsu ba.

Na koma gida raina a ɓace, ina lissafin kuɗin fenti. Da na zauna na yi tunani, sai na ga laifin ba na yaran ba ne, ba kuma na fentin ba. Akirilik yana bushewa ne idan ruwan cikinsa ya tashi, ya bar ƙwayoyin roba su haɗe su zama fata. A Janairu da Fabrairu, damshin iskar Kano da rana kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari. Iskar da ke fasa leɓe da dunduniya, ta busar da wanki kafin a gama shanya, ita ce ke shan fentin da bai kai kaurin fatar albasa ba. Ga taga a buɗe, ga fanka. Waɗancan masu bayanin a ɗakunan da iska ke da danshi suke aiki.

Mun gwada dabarun jinkirta bushewa. Muka rufe tagogi, muka kashe fanka, muka rataya jiƙaƙƙen zani a bakin ƙofa. Ɗigon gilisarin ɗaya cikin cokalin fenti ya ƙara mana ɗan lokaci. Wata ta zuba da yawa, takardunta suka kwana uku suna danƙo, ƙura ta bi ta manne musu. Muka kuma raba aiki: ɗaya na shafawa, ɗaya na tsaye da ganye a hannu, ta uku na riƙe da takarda a shirye. Abin ya ɗan gyaru, amma aji ya koma kamar wurin tsere, babu mai natsuwar duba abin da take yi.

Mafita ta zo ne daga wata yarinya mai shiru da ke zama a baya. An kira ta ofis tana tsakiyar aiki, ta bar allonta da shuɗi mai duhu da sawun ganyen darbejiya a kai. Da ta dawo ya bushe ƙarau. Maimakon ta goge, sai ta shafa farin fenti siriri a kansa, ta kifa takarda, ta danne, ta shiga taya wata yanka. Da ta tuna ta ɗaga, takardar ta taho da komai: farin, da shuɗin da ya bushe a ƙarƙashinsa, da kowace jijiya ta ganyen, har da ɓurɓushin tsohon fenti na gefe. Allon ya fito tas kamar an wanke. Ta kawo mini tana cewa, "Malama, ki duba, ko na ɓata?" Shi ne bugu mafi kyau da aka yi a ajin zuwa ranar.

Na san da wannan hanya, masu allon jel suna yin ta, amma a matsayin dabara ta gefe wadda ke cin lokaci, don a wurinsu sai an yi ta jira kafin kowane shafi ya bushe, wasu har da na'urar busar da gashi. Ban kawo ta a raina ba saboda na ɗauke ta ta ƙwararru. Ashe a wurinmu ita ce hanya ta farko. Abin da ke faruwa shi ne, sabon fentin mai danshi yana zama gam tsakanin busasshen da takarda, kuma akirilik ya fi son takarda a kan fuskar jel, don haka idan duka sun bushe tare sai su bi takardar. Sharuɗɗanta biyu ne: shafin farko ya bushe sarai, shafin ɗauka kuma, wato na ƙarshe da ake kifa wa takarda, ya zama siriri har ana hango na ƙasa ta cikinsa. Bushewar da wasu ke jira, mu iska ke ba mu kyauta. Idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Muka buɗe tagogin ɓangaren da ƙura ba ta shigowa, muka daina tsere.

Wannan ya tuna mini da Bruce Onobrakpeya, wanda ya yi karatun zane a Zariya, yana cikin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta can a 1958. Hanyar bugun da ya yi suna da ita ta samo asali ne daga farantin da ruwan asid ya lalata masa a 1967, ya cike ramukan da gam, ya buga, ya ga abin da bai yi tsammani ba. Na ba yaran labarin a ranar, yarinyar nan tana sunkuye tana murmushi.

Daga nan aikin ya buɗe. Tunda kowane shafi yana bushewa nan da nan, sai muka riƙa jera uku ko huɗu kafin ɗauka. Abin lura kawai, wanda aka fara shafawa shi ke fitowa a sama, don haka tunanin a juye ake yin sa. Shuɗin cikin rami mun same shi da shuɗi mai karkata zuwa shunayya da ɗan ruwan ƙasa, sannan baƙi a matsayin shafin ɗauka. Baƙi tun farko kashe shuɗin yake yi. Na zane mai ɗaurin rini, zare muka nannaɗe muka jefa a kan fentin, muka danna murafun kwalba suka ba da da'irori. Buhun albasa ya ba mu saƙa. Faifai ya ba da zobba masu kama da bakin rami. Soso ya ba da bangon ƙasa, totuwar masara da aka mirgina ta ba da daɓe, ragowar leshi daga wurin tela ya zama rigunan masu kawo rini. Matsefi da tsinke na hana, don duk abu mai kaifi tabonsa ba ya fita. Kwali muka yanka masa haƙora ya maye gurbinsu.

Hanyar ɗauko hoton fotokwafi ma mun gwada: a shafa fenti mai duhu siriri, a kifa takardar da ta fito daga injin fotokwafi, a ɗaga da sauri, hodar injin ta ƙi shan fenti, farin wurin ya sha, zanen ya zauna a allo. A kan allon kanti kaɗai ta yi mana, kuma sai da sassafe kafin iska ta bushe. Bugu biyu muka samu masu kyau, muka haƙura da sauran.

Takarda kuwa, ta fotokwafi mai giram 80 ta yi aiki amma gefenta fari ne idan an yaga, kuma tana tashi a hoto. Wadda ta fi ita ce siririyar takardar ruwan ƙasa da teloli ke yanka samfuri da ita, tana kwanciya lif, launinta kuma ya dace da ƙasar karofi. Cikin buhun siminti, shafin tsakiya da aka kakkaɓe, ya yi mana bango. Tsofaffin jaridu sai da muka tantance su shafi-shafi, aka ware duk mai ɗauke da aya ko sunan Allah, don abin da za a yayyanka ne, ragowarsa kuma ta faɗi ƙasa. Takarda mai sheƙi irin ta wanke hoto ba ta kusanci allo ba, tana mannewa ta yi masa lahani.

Wanki ba ruwa

Famfon makarantar ba kullum yake kawowa ba, sau da yawa daga 'yan garuwa ake saye. A makon farko bokiti uku muke ɓatawa a darasi, shuɗin ruwan kuma a kwarara shi a kwata. Abin ya dame ni ta fuska biyu. Ruwan wankin akirilik ɓurɓushin roba ne, ba ya narkewa ya ɓace. Sannan allon gida ba ya son ruwa, jelatin ne, wanki da yawa yana cinye masa fuska, ruwan ɗumi kuwa narkar da shi yake.

Sabuwar hanyar ta rage wankin da kanta, tunda kowace ɗauka tana share allo. Abin da ya saura a gefe, mun daina kallonsa a matsayin datti. Mukan bar shi ya taru, ranar Alhamis a yi masa ɗauka guda da fari ko ruwan ƙasa, kuma waɗannan takardu su ne suka fi kama da tsohon bangon da rini ya fantsama wa shekara da shekaru. Wanda ya ƙi tashi, faffaɗan salatif ke ɗauko shi. Rola kuma, kowace ƙungiya tana da takarda a gefe da ake murje ragowar fenti a kai bayan kowane shafi, kafin ya bushe. Su ma waɗannan takardun sun shiga hoton, yawancin sararin samaniyar da su aka yi. Ba a ajiye rola a kan robarta, a bayanta ake kwantar da ita, in ba haka ba ta manne ko ta yi shafaffen gefe. Ƙarshen darasi, tsumma mai ɗan danshi ya isa allon gida. Na kanti yana karɓar sabulu da ruwa, kuma idan launi ya kama shi, man jarirai ke fitar da shi, a bi da sabulu a cire maiƙon.

Ruwa ya dawo rabin bokiti, na rola da hannu. Shi ma ba ma zubarwa. Baba mai gadi ya samo mana tsohuwar roba mai faɗi, muka zuba yashi, muke juye ruwan a ciki a ajiye a rana. Kwana biyu ya ƙafe, a ɓamɓare busasshen fentin a sa a shara. Ya kan tsaya yana kallon takardun a kan igiya ya ce, "Malama, yau ma 'yan bugu sun yi rini."

Ajiya ta koya mana nata darasin. Allon kanti na bar shi kwana biyu a kan teburin katako, ya bar tabon mai, don man jikinsa yana tsatsowa cikin duk abin da ke sha. Tun daga nan a kan gilashi ko cikin kwalinsa na roba yake kwana. Na gida a tirensu, a rufe saboda ƙura da kiyashi, gilisarin yana da zaƙi. Duk abin da aka bari a kansu, ko zare ne, da safe sawunsa na nan.

Wajen tsakiyar Maris hunturu ya janye, zafi ya shigo. Jelatin yana fara narkewa a wajen digiri 35, Kano kuwa a irin wannan lokaci tana haura haka da rana. Wata Litinin muka buɗe tire muka ga allunan sun yi laushi, rola tana nutsewa, ɗaya ya bi takarda ya yage. Na sake narkar da biyu na ƙara musu jelatin zuwa giram 70, suka ɗan yi tauri, muka mayar da bugu darasin farko na safe. Hakan ya ba mu mako guda, kuma ya isa, don abin da ya rage kaɗan ne. Zafin ya taɓa takardun ma. Akirilik yana laushi idan ya ji zafi, waɗanda aka jera fuska da fuska suka manne, rabuwarsu ta ɓata wasu daga cikin masu duhun da muka fi ji da su. Sauran muka sa musu jarida a tsakani.

Mannawa da farin gam na kafintoci muka yi, an ɗan sirka da ruwa. Kokon sitaci da yaran suka saba da shi yana kama takarda, amma ba ya kama fuskar da akirilik ya rufe. A shafa gam a katako da bayan takarda, a kwantar, a bi da tsohon katin banki daga tsakiya zuwa gefe. Muka fara da sama da bango, sannan ramuka, sannan mutane, zannuwan da ke kan igiya su ne na ƙarshe. Bakin ramuka yagawa muka yi da hannu, almakashi yana sa su yi kama da faranti.

Ranar taron, wani dattijo cikin iyaye ya daɗe a gaban hoton. Ya sa yatsa kusa da rami na uku daga hagu, bai taɓa ba, ya ce wa jikarsa wannan ruwan ya nuna, na kusa da shi kuwa sabon haɗi ne, bai kai a tsoma ba. Jikar tasa ta waiwayo ta dube ni. Na kusa da shi ɗin, takardar murje rola ce da kore ya ɗan rinjaya a cikinta.

Allunan gida huɗu na yayyanka su na zuba a roba mai murfi, suna firij ɗin ɗakin gwaje-gwaje, an rubuta a jiki cewa ba abinci ba ne. Zan narkar da su a Disamba.